Ɗigon Gurbin Bore

Yayana Labbo bai taɓa harbin ko ɓera ba, alhali ubanmu maharbi ne da duk ƙasar Zurmi ta san kibiyarsa. Ni ne Namadi, ƙaninsa, direban akori-kura a hanyar Gurbin Bore zuwa Kaura Namoda, ranar Alhamis kuma in leƙa kasuwar Shinkafi. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Bari ma in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: ni ne na kusa sa a ƙone masa aikin shekara talatin.

Maharban wajenmu suna da wata dabara. Sukan ɗaura busasshen kan burtu a goshi, wannan baƙin tsuntsu mai dogon baki, su lulluɓa da baƙin zane, su yi ta rarrafe cikin ciyawa suna gyaɗa kai kamar mai kiwo, har su isa gab da nama. To, a wannan fanni babu wanda ya kama ƙafar Labbo. Wata rana ya rarrafa har ya isa taku goma daga wata gwanki mai ɗa. Baba yana bisa itace yana kallo, yawu har ya tsinke masa. Labbo ya zauna. Ya zauna dai. Rana ta yi sama, gwanki ta gama sha'aninta ta kaɗa ɗanta suka shige daji.

Baba ya sauko a fusace. "Kai, don ubanka, mi ya hana ka saki?"

"Baba, lasar ɗanta take yi. So nike in ga ta ina take farawa."

Ranar Baba ya karɓe baka da kwari, ya bar masa kan burtun. Ya ce tunda shi ya zaɓi zama tsuntsu, ya je ya yi ta yi.

Ya kuwa yi ta yi. Da damina yana gona kamar kowa, gero da dawa, amma da ya sami sarari sai fadama da bakin gulbi. Makarantar allo ta ba shi ajami, wato rubuta Hausa da haruffan Larabci, kuma hannunsa yana da kyau. Shekarar da aka gama yaƙin basasa ya fara yanka takardar buhun siminti yana rubuta abin da ya gani: wace dabba, a ina, da wane lokaci, me take ci, yaya kukanta. Bai taɓa zana surar mai rai ba, sai dai sawu. Takardu suka yi ta taruwa har suka kai kaurin tubali. Ya sa dukawa suka yi musu gafaka, irin jakar fatar da ake sa Alƙur'ani, matarsa Gimbiya kuma ta rataye ta a tsakiyar ɗaki saboda gara.

Ni kuwa tsiya nake yi masa. In na dawo daga Kaura in tarar da shi a ƙofar gida ya duƙufa, sai in ce, "Yaya, yau dila ya aiko da amsa?" Yakan ɗaga littafin da hannun hagu, kullum riƙo ɗaya, ya ci gaba da abinsa. Ni ban iya karanta ko harafi a ciki ba, don tun ina ƙananan surori na gudu daga makaranta na bi mota.

Sai aka ba mu jiha. Kai, ranar nan! Na danne oda tun daga tashar Kaura har Zurmi, fasinja na ihu, mata na guɗa a bakin hanya. Bayan nan rediyo ya shiga kira kullum cewa Zamfarawa su rubuta abin da ke garesu, kada a ce jiha ce mara tarihi. Ina tuƙi wata rana sai abin ya faɗo mini: ashe muna da marubuci a gida ina yi masa dariya! Daga ranar na koma maroƙinsa. Na ce ya ba ni littafin in kai wa wani mai tafireta a bakin tashar jirgi ta Kaura, wanda ya iya juya ajami zuwa boko, a buga, duniya ta san Gurbin Bore. Ya ce a'a. Littafin bai taɓa kwana a waje ba.

Shekara huɗu ina binsa. A cikinsu yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya zamana sai ya fito tsakiyar rana yake ganin rubutunsa. A cikinsu kuma shari'a ta zo. Aka rufe gidajen giya, muka ware wa mata wurin zamansu a mota, 'yan bori kuwa wasu suka tuba, wasu suka tsallaka iyaka, wasu suka ɓoye kayansu a rumbu. Mutane na cikin zumuɗi, kowa yana son a ga nasa ƙoƙarin.

Abin da ya karya shi a ƙarshe magana ɗaya ce. Na ce, "Yaya, in gara ta sami hanya fa? Da wane ido za ka sake wani?" Ranar wata Laraba, ana ta zafin bazara, ya sauko da gafakar da kansa ya miƙo mini da hannu biyu.

"Lahadi in ji shi a hannuna, Namadi."

"Wallahi, Yaya, ko ƙura ba za ta taɓa shi ba."

Na isa Kaura na tarar mai tafireta ya tafi suna Gusau, sai Asabar. To, ina zan ajiye? Na ce babu inda ya fi kusa da ni, na tura gafakar ƙarƙashin kujerata. Washegari Alhamis na yi lodin Shinkafi. Da za mu dawo da la'asar, wanda ya zauna gaba kusa da ni shi ne Muhtari, wani tela na Kaura, yana cikin 'yan sa-kai na unguwarsu masu sa ido kan al'amuran shari'a. Mutum ne mai gaskiya, ba zan yi masa ƙarya ba, amma akwai saurin hawa. Muna cikin tafiya na faɗa wani rami, mota ta yi tsalle, gafaka ta sulalo ta tsaya a kan takalminsa.

"Inna lillahi! Namadi, Alƙur'ani kaka zama bisa?"

"Ba Alƙur'ani ba ne, littafin yayana ne, na namun daji."

Ya riga ya ɗauka yana kakkaɓewa. Ya kwance igiyar, ya dubi shafin farko, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya buɗe ciki, ya karanta nan, ya karanta can. Ya rufe littafin, ya danne shi ƙarƙashin hammatarsa har muka shiga tashar Kaura.

Muna tsayawa ya diro ya ɗaga shi sama. "Jama'a, ku zo ku gani! Littafin bori a cikin gafaka!"

Kafin in kashe mota an kewaye mu. Ya karanta sunan littafin da ƙarfi: "Mazauna Gurbin Bori."

Na ce, "Bore! Gurbin Bore, garinmu! Haba Muhtari, sau nawa na kai ka can?"

"Na san Gurbin Bore. Ba shi anka rubuta nan ba. Karanta da kanka!"

Ya turo mini a fuska. Ina zan karanta? Wallahi ban taɓa jin zafin gudun da na yi daga makaranta ba sai ranar. Mutum uku masu karatu suka karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bori ne, ga wasali nan a ƙasa ɓaro-ɓaro. Muhtari ya buɗe ciki ya ci gaba: "Kure yana zuwa bayan isha, ba ya son haske. In ya zo kada ka gudu, zauna ka yi shiru." Aka ɗauki salati, don kowa ya san Kure sunan iska ne a wurin 'yan bori. Ya juya shafi: "Sarkin Rafi ba ya son a taɓa masa gefen gabas." Wani iskan ke nan! Sannan ya nuna wasu shafuka da aka ja musu layuka gida-gida, kowane gida da lamba. Wani ya ce, "Hatimi!" irin zanen da masu tsibbu ke yi. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Na yi rantsuwa, na yi ihu, na cakumi rigar Muhtari sai da aka ɓamɓare ni. Sai na ji ana cewa gobe bayan Juma'a za a ƙone garaya da layu da sauran tarkacen da aka tattaro a unguwar, kuma za a haɗa da wannan.

Allah ya taimake ni, suka ce a fara kai wa limamin unguwa, Malam Amadu, wani dattijo da ba ya gaggawa ko da ruwa na dukansa. Ya saurari Muhtari, ya saurare ni, ya juya littafin a hannu. Ya ce shi ma bori ya gani a rubuce, amma ba zai bari a sa wa takarda wuta ba sai ya ji daga wanda ya rubuta ta. In kawo shi kafin a tafi masallaci. In ban kawo shi ba, to, babu ruwansa.

Ana sallame asuba na tayar da mota. Fasinja na ɗaga hannu a Birnin Tsaba, ban ko dube su ba. Na wuce Zurmi, na wuce Dauran, da hantsi ina ƙofar gida. Tun a hanya nake shirya yadda zan faɗa, amma da na ga Yaya zaune a kan buzunsa sai duk ya watse. Na durƙusa na zayyana masa komai.

Gimbiya ce ta fara. "Ƙarƙashin kujera? Kai Namadi, Allah ya shirye ka! Shekara talatin ina faɗa da gara, kai kwana biyu kacal ka kai shi bakin wuta!"

Wallahi da Yaya ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya sa rigarsa ta Juma'a. Sai ga shi ya fito da kan burtu a hannu, wai zai nuna musu yadda yake kusantar dabbobin. Gimbiya ta yi wuf ta fizge.

"Ajiye wanga abu! Ana ce maka ɗan bori, za ka tafi da kan tsuntsu? So kake su haɗa da kai?"

Duk da halin da nake ciki sai da dariya ta kuɓuce mini.

Yadda na tuƙa motar nan a komawa, Allah dai ya tsare. Muka isa zauren Malam Amadu rana ta kusa tsaka. Zaure ya cika, waje ya cika, har da 'yan tasha da suka biyo don kallo. A gefen fili na hango tarin kayan da za a ƙone, da galan na kananzir a kusa. Na kawar da kai.

Aka gaisa. Malam Amadu ya ce, "Malam Labbo, kai ka rubuta wanga?"

"Awo, Allah gafarta Malam, ni na rubuta."

"To karanta muna."

"Idona ba ya gani cikin inuwa. Amma Malam ya buɗe inda ya so, ya ja mini baki, ni ƙarasa."

Malam ya buɗe ya karanta, "Kure yana zuwa bayan isha." Yaya ya karɓe, tiryan-tiryan, ba gargada, ashe wani namijin kura yake nufi: ƙafarsa ta baya ta hagu gurguwa ce, sawunta ba ya nitsewa, yana bin kwarin da ke yamma da Dauran, ya fi son daren da babu wata, kuma ba ya taɓa garken da ke da jaki.

Wani tsoho daga bakin ƙofa ya yi zumbur. "Gurgun kuren Dauran! Na san shi! La'ananne, awakina biyu ya ci!"

Zaure ya kwashe da dariya. Malam ya ɗaga hannu, ya buɗe wani wuri. Sarkin Rafi fa? Yaya ya ce wani tsohon kada ne, shi ya sa masa sunan don ya girmi duk na gulbin. Gefen gabas kuwa nan matarsa ke binne ƙwai, shi ya sa masunta ke kauce wa wurin. Nan take wani mai sayar da kifi ya ce ƙwarai, ubansa ya sha hana su jefa koma a can. Wani ya ce ƙarya ne, kadan ya fi zama wajen Shinkafi. Gardama ta kaure, tsofaffi na nuna tsawonsa da hannu, kowa nasa ya fi na wani.

"Hatimin fa?" in ji Muhtari.

"Shamuwa ce," in ji Yaya. "Kowane layi shekara guda. Gidan farko ranar da ta sauka, na biyu yawan sheƙarta a kukar bakin gari, na uku ranar da ruwan shuka ya sauka."

Tabɗi! Ai sai manoma suka yo ca. Wannan na tambayar kwana nawa ne tsakanin saukarta da ruwa, wancan na cewa a duba masa shekarar babban fari. Malam ya duba, ya ce lalle a shekarar nan sheƙa uku kawai aka rubuta, gidan ruwa kuma babu komai a ciki. Na ga wasu dattawa suna gyaɗa kai. Ni kuwa ƙirjina kamar ya fashe don alfahari, ina ta ce wa na kusa da ni, "Yayana ne fa! Uwa ɗaya uba ɗaya!"

Amma Muhtari bai sauka ba, kuma ina ganin gaskiyarsa yake bi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, duk mun ji. To sunan fa? Mu biyar munka karanta, har da kai. Bori anka rubuta. In na dabbobi ne, mi ya kawo bori a kansa?"

Yaya ya ce shi Bore ya rubuta. Muhtari ya ce takarda ba ta ce haka ba. Daga nesa aka fara jin lasifikar masallaci ana gwada ta. Malam Amadu ya daɗe yana duban shafin, ya kai shi kusa da ido, ya karkata shi wajen haske. Can sai ya miƙa wa Yaya.

"Riƙe shi yadda ka saba."

Yaya ya karɓa da hannun hagu, riƙon nan nasa na kullum. Babban yatsansa ya sauka daidai ƙarƙashin kalmar ƙarshe.

"Tsaya haka nan! Muhtari, matso."

Malam ya ɗaga yatsan a hankali. Wurin ya yi baƙi, ya yi santsi, har takardar ta ɗan lotsa. Ya ce a ajami abin da ya raba "re" da "ri" ƙanƙane ne: in ɗigo ne a ƙarƙashin harafin, "re" ne, in ɗan karan wasali ne, "ri" ne. Mutumin nan ɗigo ya sa. Shekara talatin yatsansa na bisa, da gumi da komai, har ya ja ɗigon ya yi masa wutsiya. Ya buɗe ciki ya nemo sunan garin a wuri uku, ko'ina ga ɗigo nan kewayayye.

Kai, zo ka ji sowa! Wani ya ce, "Ashe yatsa ne ɗan borin!" Ni ban san lokacin da na rungume mai kifin nan ba. Muhtari ya tsaya baki buɗe, sannan ya durƙusa gaban Yaya ya ce ya yafe masa don Allah. Yaya ya ce babu komai, ai ya gode da ya ɗauke littafin daga ƙasa. Wannan maganar ni ta soka, kuma na san da ni ake.

Malam yana shirin rufewa sai idonsa ya faɗa kan shafin ƙarshe. Ya ce, "Wanga fa? An rubuta: waɗanda ban ƙara gani ba."

Yaya ya jero su da ka, kowace da shekarar da ya yi mata ganin ƙarshe. Jimina. Gwanki. Giwayen da kan ratso ta dajin gabas. Sarkin Rafi, shekarar da gulbi ya ƙafe har ƙasa. Gurgun kure. Gauraka, wadda da takan rufe fadama, shekara shida ke nan ko kukanta bai ji ba. Dariya ta ɗauke. Tsohon da aka ci wa awaki ya ce a hankali, "Wallahi haka ne. Yaushe rabona da jin kura?"

Malam Amadu ya jawo tawadarsa, ya tsoma alƙalami, ya kankare wutsiyar da bakin wuƙa, ya ɗiga sabon ɗigo. Ya hura har ya bushe, ya mayar da littafin cikin gafaka da kansa. Muka tafi masallaci tare, Yaya na rungume da abinsa. Maganar tafireta kuwa ban ko sake tayar da ita ba.

Da la'asar muka kama hanyar gida. Tun daga Kaura nake ba shi haƙuri, shi kuwa gafaka na kan cinyarsa, hannu biyu a kai. Na san Yaya, ba ya riƙo, amma in ya cire amana daga hannun mutum ya cire ke nan. Abin ya dame ni ƙwarai, har na daina magana. Gabas ta fara haɗa hadari.

Muna gab da shiga gari ya ce, "Tsaya."

Na taka birki. Ya karkata kai yana saurare.

"Kukar bakin gari ce nan?"

"Ita ce, Yaya."

"Na ji motsin fiffike. Duba mini."

Na leƙa. Ai kuwa ga su nan, baƙaƙe da farin ciki, suna sauka da tsinke a baki. "Shamuwa, Yaya! Wallahi sun iso!"

"Ƙirga sheƙa. Kada ka yi mini ƙirgen fasinja, a hankali."

Na fita na kewaya kukar sau biyu. "Bakwai."

"Bara goma sha ɗaya ne," in ji shi. Ya sauko, ya zauna a bakin hanya inda sauran rana take, ya kwance gafaka, ya shiga laluben 'yar kwalbar tawada a aljihu. Hannu bai ishe shi ba. Sai ya miƙo mini littafin.

"Riƙe mini."

Na karɓa, idona ya cika da ƙwalla.

"Namadi."

"Na'am, Yaya."

"Kauda yatsanka daga ɗigon."